"Gabana Na Yawan Faɗuwa": Abin da 'Yan Gida Za Su Yi

Da wuya mace ta zaunar da kai ta ce ciwon fargaba ke damunta. Abin da za ka ji shi ne, "Gabana na yawan faɗuwa," ko "Wani abu ya tokare min ƙirji," ko kuma "Barci ya ƙaurace min." Sai a ce olsa ce, a aika yaro kyamis. Gobe a ce hawan jini, a auna a ga lafiya lau. In an gaji, sai wata gwaggo ta rage murya ta ce iska ce, ko an yi mata sammu. Shekara kan zagayo ana wannan yawo, kuɗi na ƙarewa, ita kuma tana ramewa.

Tsoro dai halitta ne. Uwar da ɗanta ya kama hanyar Birnin Gwari, dole hankalinta ya tashi har sai ya kira ya ce ya sauka. Inda abin ya zama ciwo shi ne, ya kira, ya sauka, amma hankalin bai kwanta ba, sai dai ya koma kan wani abin: kuɗin makaranta, tarin jariri, maganar da facala ta yaɓa mata tun ƙaramar salla. Likitoci kan duba ko zullumin ya kai wata shida yana zuwa kusan kullum, ko ta kasa tsayar da shi, kuma ko ya fara hana ta barci, aiki da shiga mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 301 ne ke da irin wannan ciwo a 2019, mata sun fi yawa, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani.

A gidajenmu abin na da saurin ɓuya, don rabinsa yabo ake yi. Wadda ke tashi sau biyar cikin dare ta taɓa jaririnta ta ji ko yana numfashi, sai a ce uwa ce mai kula. Wadda ta daina zuwa biki da suna, sai a ce ta natsu. Ɗaya rabin kuma zagi ake yi: saurin fushi da yawan kiran waya, "Kana ina? Me ya sa ba ka ɗauka ba?", su kan jawo mata sunan masifaffiya ko mai zargi. A ƙara lura da ita a lokacin goyon ciki, da jego, da shekarun ɗaukewar al'ada, don sinadaran jikin mace na sauyawa sosai a lokutan nan. Haka bayan rasuwa, saki, ko labarin ƙarin aure. In kuwa ana dukanta ko ana tsorata ta a gidan, to fargabarta na da dalili, kuma dalilin ne abin gyarawa tun farko.

Wani lokaci abin kan taso farat ɗaya: bugun zuciya, gumi, rawar jiki, sarƙewar numfashi, har ta riƙe ka ta ce mutuwa za ta yi. In karon farko ne, ko akwai ciwon ƙirji, a wuce asibiti, kada kowa ya yi hasashe. Amma in likita ya riga ya tabbatar fargaba ce, ka sani yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti goma, sannan ya fara sauka. Sallami masu salati da masu leƙe. Kada a kwara mata ruwa, kada a turnuƙe ɗaki da hayaƙi ga mai neman iska. Zauna kusa, ka sassauta murya: "Ina nan, zai wuce kamar na rannan." Ku yi numfashi tare, ta shaƙa ta hanci kana ƙirga huɗu, ta fesar a hankali kana ƙirga shida.

Maganar gaske kuwa sai ranar da take cikin natsuwa, ku biyu, ba gaban kishiya ko uwar miji ba. Miji ya ce, "Maman Abba, na lura kwanan nan ba kya samun barci. Me ke miki nauyi?" Ƙanwa ta ce, "Yaya, na ga kin rame, faɗa min." Daga nan sai ka kama bakinka ka saurara, ko da abin da take tsoro bai kai ya kawo ba a wurinka. Kalma biyu nake roƙon a ajiye. Ta farko, "Ki cire abin a ranki," wanda da yana ciruwa da tuni ta cire. Ta biyu, wadda ta fi ciwo, "Rashin tawakkali ne." Na ga mata masu tsayuwar dare da ke fama da wannan ciwo. Addu'a da azkar su ci gaba, suna sanyaya zuciya. Amma ba wanda ya taɓa ce wa mai ciwon suga ta zubar da allurarta don tana da imani.

Ga wani tarko da masu tausayi ke faɗawa. Ta ce tana tsoron kasuwa, sai ka ɗauke mata cefane gaba ɗaya. Ta ce ba ta iya shiga taro, sai a riƙa ba da uzurinta. Yau ta ji sauƙi, amma tsoron ya ƙara ƙarfi, duniyarta kuma ta ƙara tsukewa har ta koma tsakar gida da ɗaki. Abin da ya fi shi ne rakiya, kaɗan-kaɗan, da yardarta: yau bakin layi, jibi shagon unguwa, wani mako barkar maƙwabta na minti goma. Haka tambayar da ta maimaita sau goma, "Ka tabbata ba abin da zai same shi?" Amsa sau ɗaya da gaskiya, sannan ka ce, "Na san zullumin ne ya dawo, zo mu zauna."

A asibiti, ku nemi a auna jini tukuna. Ƙarancin jini, wanda ya yi yawa ga masu ciki da masu jego, da yawan aikin ƙwayar maƙoƙo, duk suna kawo bugun zuciya da rawar jiki. A kuma rage goro, kofi, shayi mai kauri da lemukan ƙara kuzari, musamman da yamma. In fargaba ce, akwai magani ta hanyar zama da ƙwararre ana warware tunani, akwai kuma ƙwayoyi irin su sertraline da fluoxetine, waɗanda kan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu. Kada ta yar da su a kwana na biyar, kada kuma ta daina ba da sanin likita ba. Ku guji diazepam na kyamis: yana kwantar da hankali nan take, amma jiki na sabawa da shi. Haka kodin, wanda gwamnatin Najeriya ta hana shigo da maganin tarinsa da haɗa shi a 2018.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau da sashen da ke Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. In ta ce ita ba mahaukaciya ba ce, kada a ja. A fara da likitan da ta saba gani ko ma'aikaciyar awo. Sai dai in ta fara cewa gara ta mutu ta huta, ko yara sun fi dacewa da wata uwar, wannan ba ya jiran lallashi. A kawar da fiya-fiya, maganin ɓera da tarin ƙwayoyi, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta asibiti a ranar.