Raba Faɗa Ko Shiga Faɗa?

A watan Agusta na 2023, bayan sojoji sun kifar da gwamnatin Bazoum a Nijar ranar 26 ga Yuli, ƙungiyar ECOWAS ta yi barazanar kai yaƙi. A ajinmu na matan aure a Samaru, wata baiwar Allah da mijinta soja ne a barikin Basawa ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, idan aka tura maigidana ya harbi Musulmi ɗan'uwansa a Maraɗi, mene ne hukuncinsa?" Ajin ya yi tsit. Tambayarta ce tushen darasinmu na yau.

'Yar'uwa, ki duba aya ta 9 cikin Suratul Hujurat. Ta tsara abin daki-daki game da ɓangarori biyu na muminai da suka kaure da faɗa. Sulhu ne farko. Sai idan ɗaya ya ƙi, ya ci gaba da zalunci, sannan a yaƙe shi, shi ma iyakarsa ya dawo kan gaskiya. Da ya dawo, a ajiye makami a sasanta su da adalci. Kin ga ke nan mai ƙarfi ba a ce ya naɗe hannu ba, amma kuma an sa masa linzami.

To, me muka gani a aikace? A 1990, zamanin Janar Babangida, Nijeriya ta jagoranci rundunar ECOMOG zuwa Laberiya, inda 'yan tawayen Charles Taylor ke yaƙar Samuel Doe. An ceci jama'a da yawa a Monrovia, wannan ba a musu. Amma yaƙin bai mutu ba. Taylor ya ci zaɓe a 1997, wuta ta sake tashi, sai 2003 ya sauka aka ba shi mafaka a Kalaba. A Saliyo kuwa sojojinmu sun mayar da zaɓaɓɓen shugaba Ahmad Tejan Kabbah kan kujerarsa a 1998. Ɗaruruwan sojojinmu ba su dawo ba. Mu da Depot ɗin horar da kuratan soja ke garinmu, a Sabon Gari, mun san waɗannan ba lissafi ba ne kawai, mazan wasu ne, iyayen wasu ne. Akwai wata dattijuwa a ajinmu da ta yi takaba kan wannan yaƙi, ita kaɗai ta yi ta faɗi-tashin tarbiyyar 'ya'yanta.

Ni dai a nawa ganin, shigarmu Saliyo tana da hujja, domin akwai wanda aka zalunta a fili, kuma shi ya nemi agaji. Wanda ban ga hujjarsa ba shi ne na Libiya a 2011. Ƙasashen NATO sun ce fararen hula za su kare, suka yi ta ruwan bama-bamai har aka kashe Gaddafi, sannan kowa ya kama gabansa. Ina sasantawar da ayar ta rufe da ita? Makaman da suka warwatsu daga can sun bi hamada har Mali da Nijar. Kamar dai mai raba faɗan miji da mata ne, ya fasa ƙofa, ya doki mijin, ya tafi ya bar gida a buɗe.

A batun Nijar, Allah Ya sa an tsaya a matakin farko. Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da yaƙi, Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar da Janar Abdulsalami suka je Yamai, tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ta gana da Janar Tchiani. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Duk da haka an yanke wa Nijar wutar lantarki, an rufe iyaka har Maris 2024, 'yan kasuwar Jibiya da Illela suka ɗanɗana kuɗarsu, Bazoum bai koma mulki ba, Nijar kuma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025.

Ita ɗalibar tawa abin da na ce mata shi ne, fatawar halin da mijinta ke ciki ta manyan malamai ce, su je tare su tambaya. Ba a ma tura shi ba, alhamdu lillahi.