Neman Tallafin Karatu na Ƙwazo a Jami'o'in Amurka

1.0 Gabatarwa

Kalmar "sikolashif" tana daga cikin kalmomin da Hausa ta aro daga Ingilishi, ta kuma zauna daram a bakin jama'a tun zamanin da Gwamnatin Jihar Arewa take tura ɗalibai ƙasashen waje neman ilmi. A fahimtar Bahaushe, in aka ce wane ya sami sikolashif, to, magana ta ƙare, watau an ɗauke wa iyayensa nauyin komai. Amma a ƙasar Amurka al'amarin ba haka yake ba. A can tallafin karatu iri-iri ne, kowanne da ƙofarsa da sharuɗɗansa, kuma rashin sanin bambancinsu yakan sa zaƙaƙurin ɗalibi ya ɓata shekara guda cur yana ƙwanƙwasa ƙofar da ba tasa ba.

Manufar wannan maƙala ita ce a yi nazarin nau'i ɗaya daga cikinsu, watau tallafin da ake bayarwa saboda ƙwazo, wanda yake ɗauke dukkan kuɗin koyarwa na digirin farko. Za a dubi ma'anarsa, da dalilin bayar da shi, da wuraren da ake samunsa, sannan da hanyoyin nemansa.

2.0 Rabe-raben Tallafi

Da farko dai wajibi ne a bambance abubuwa biyu. Akwai tallafin buƙata, akwai kuma tallafin ƙwazo. A tallafin buƙata, jami'a takan dubi abin da iyayen ɗalibi suke samu, ta ƙiyasta abin da za su iya biya, sannan ta cike sauran. A tallafin ƙwazo kuwa, ba ruwan jami'a da aljihun iyaye. Abin da take dubawa shi ne sakamakon jarrabawa, da basira, da halin shugabanci, ko da kuwa ɗalibin ɗan attajiri ne.

Haka nan kuma, shi kansa tallafin ƙwazon hawa-hawa ne. Wani yakan rage kuɗin koyarwa ne kawai, wani ya ɗauke shi gaba ɗaya, wani kuma ya haɗa har da ɗakin kwana da abinci da littattafai. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne. A shekarar 2024 kuɗin koyarwa kaɗai a manyan jami'o'i masu zaman kansu ya haura dala 60,000 a shekara, ɗaki da abinci kuwa sukan ci dala 15,000 ko fiye. Ke nan wanda aka yafe wa kuɗin koyarwa bai gama da lissafi ba tukuna.

3.0 Dalilin Bayar da Tallafin Ƙwazo

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Jami'a ba ta yafe makudan kuɗi irin waɗannan don Allah da Annabi kawai, tana da abin da take nema. Jami'o'in Amurka suna gasa da juna wajen jawo ɗalibai masu basira, musamman tun daga 1983 da mujallar U.S. News ta fara jera su daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe. Jami'ar da take son sunanta ya ɗaga sai ta yi amfani da tallafi ta janye ɗalibin da, in ba don haka ba, wata wadda ta fi ta suna zai tafi.

Daga nan ne za a gane wani abu da yake ba mutane da yawa mamaki. Jami'o'i takwas ɗin nan da ake kira Ivy League, waɗanda suka haɗa da Harvard da Yale da Princeton da Columbia, ba sa bayar da tallafin ƙwazo ko kaɗan. Haka ma Cibiyar Fasaha ta MIT. Dalili kuwa a fili yake: kusan duk wanda suka ɗauka zaƙaƙuri ne, ba su da buƙatar su yi zawarcin kowa da kuɗi. Tallafinsu na buƙata ne zalla, ko da yake mai tsoka ne ƙwarai, har ma Harvard da Yale da Princeton da MIT da Kwalejin Amherst ba sa duba talaucin mai nema wajen ɗaukarsa, ko da baƙo ne daga wata ƙasa.

Darasin da ke cikin wannan shi ne, ƙwazo kamar haja yake, darajarsa ta danganta da kasuwar da aka kai shi. Ɗalibin da zai zama ɗaya daga cikin dubu a Harvard yana iya zama zakaran gwajin dafi a wata jami'ar mai inganci wadda sunanta bai kai can ba. A irin wannan wuri ne ake neman tallafin ƙwazo.

4.0 Wuraren da Ake Samunsa

Ana iya kasa tallafin ƙwazo gida uku, gwargwadon yadda ake zaɓen masu cin moriyarsa.

4.1 Tallafin Gasa

Wannan shi ne mafi daraja, kuma shi ne mafi wuyar samu, domin dubbai ne suke nema, 'yan ƙalilan ake zaɓa bayan an tace an kuma yi ganawa da su. Mafi daɗewa a cikinsu shi ne na Morehead a Jami'ar Karolina ta Arewa da ke Chapel Hill. An kafa gidauniyarsa a 1945, aka tsara shi bisa salon tallafin Rhodes na Jami'ar Oxford ta Ingila. A 2007 Gidauniyar Cain ta ƙara masa dala miliyan 100, shi ya sa yanzu ake kiransa Morehead-Cain. Akwai na Jefferson a Jami'ar Bajiniya, wanda aka kafa gidauniyarsa a 1980, da na Robertson da aka fara a shekarar 2000, wanda ya haɗa Jami'ar Duke da ta Karolina ta Arewa. A Jami'ar Emory da ke Atlanta akwai tallafin Woodruff, mai ɗauke da sunan attajirin kamfanin Coca-Cola wanda shi da ɗan'uwansa suka ba jami'ar kyautar dala miliyan 105 a 1979. Ita ma Jami'ar Vanderbilt da ke Nashville tana da irin nata guda uku, kowanne yana ɗauke kuɗin koyarwa baki ɗaya.

4.2 Tallafin Maki

A nan ba gasa ake yi ba, ma'auni aka ajiye: duk wanda makinsa ya kai, ya samu. Jami'ar Alabama ta yi suna a wannan fanni, domin takan bayyana a fili matsakaicin makin sakandare da makin jarrabawar SAT ko ACT da ake buƙata ga kowane mataki na tallafi. Ita SAT ƙololuwar makinta 1600 ne, ACT kuwa 36. Amfanin wannan nau'i shi ne ɗalibi yana iya sanin matsayinsa tun kafin ya cika takarda.

4.3 Tallafin 'Yan Ƙasa

Akwai kuma wanda baƙo ba shi da rabo a ciki, amma ya kamata a san shi don kada a yi wahalar banza. A 1993 Jihar Jojiya, a ƙarƙashin Gwamna Zell Miller, ta ƙirƙiro tallafin HOPE da kuɗin cacar gwamnati domin 'ya'yan jihar masu ƙoƙari. A 2011 aka ware wani mataki mai sunan gwamnan, wanda yake biyan cikakken kuɗin koyarwa a jami'o'in jihar ga wanda ya sami matsakaicin maki 3.7 tare da maki mai kyau a SAT ko ACT. Haka kuma akwai gasar National Merit da aka kafa a 1955, wadda ake shiga ta hanyar jarrabawar PSAT. Cikin fiye da ɗalibai miliyan ɗaya da suke zama kowace shekara, kimanin 16,000 ne suke kaiwa zagayen kusa da na ƙarshe. Kyautar hukumar ita kanta dala 2,500 ce kacal, amma darajar gasar tana cikin abin da wasu jami'o'i suke ɗorawa a kai domin su jawo waɗanda suka yi nasara.

5.0 Hanyoyin Nema

Abu na farko shi ne sammako, domin wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi. Yawancin jami'o'i suna rufe karɓar takardun shiga ne a farkon Janairu, amma ƙofar tallafin ƙwazo tana riga rufewa. Alal misali, Emory ta saba rufe tata a ranar 15 ga Nuwamba, Vanderbilt kuwa 1 ga Disamba. Ɗalibin da ya jira Janairu yana iya samun gurbi ya rasa tallafi. Daɗin daɗawa, wasu kamar na Jefferson sai makarantar sakandaren ɗalibi ta gabatar da sunansa.

Na biyu shi ne bincike. Jami'o'i da yawa suna buga wani kundin alƙaluma kowace shekara a shafinsu na intanet mai suna Common Data Set. A sashen H na kundin ana nuna yawan ɗaliban da aka ba tallafin da ba na buƙata ba, da matsakaicin abin da aka ba su, da kuma ko ana ba baƙi. A wani sashen kuma ana nuna makin ɗaliban da aka ɗauka. Idan makin mai nema ya zarce na kashi uku cikin huɗu na ɗaliban jami'a, to, ya sami kasuwar da hajarsa za ta yi daraja.

Na uku shi ne rarraba ƙafa. Ya kamata jerin mai nema ya ƙunshi jami'a ɗaya ko biyu masu tallafin gasa, da wasu masu tallafin maki, in kuma iyayensa masu ƙaramin ƙarfi ne, ya haɗa da masu tallafin buƙata. Sau da yawa ɗan talaka mai ƙwazo ya fi samun sauƙi a ƙarƙashin tallafin buƙata, tun da shi yana haɗawa da ɗaki da abinci.

Na huɗu shi ne rubutu. A tallafin gasa kusan kowa makinsa ya kai, saboda haka abin da yake raba gardama shi ne maƙalar da ɗalibi ya rubuta game da kansa, da takardun shaida na malamansa. Jera kirari ba ya burge alƙalai. Sun fi son su ji wani aiki guda da ya ɗauka ya kai shi ƙarshe, ko da koyar da yaran unguwa karatu ne da yamma.

6.0 Abubuwan Lura

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Galibin tallafin nan na shekara huɗu ne, bisa sharaɗin kada makin ɗalibi ya faɗi ƙasa da wani ma'auni. In ya faɗi, ana iya janyewa, a bar shi da bashin da ba zai iya biya ba.

Ga baƙo kuma akwai ƙarin matsala. Kafin jami'a ta ba shi takardar I-20, wadda da ita ake neman bizar karatu, sai ya nuna shaidar kuɗin da zai riƙe shi na shekarar farko, watau duk abin da tallafin bai ɗauke ba, har da inshorar lafiya. Ba zai dogara da ƙwadago ba, domin doka ta iyakance masa aikin sa'a 20 a mako a cikin harabar jami'a lokacin da ake karatu. Bugu da ƙari, siyasa tana da hannu a ciki. A watan Yuni na 2025 gwamnatin Amurka ta hana 'yan wasu ƙasashe shiga, ciki har da Chadi da Sudan, a watan Disamba kuma ta faɗaɗa takunkumin ya shafi Nijar da bizar ɗaliban Nijeriya. Tallafi daban, biza daban, saboda haka lalle ne a tabbatar da matsayin doka kafin a kashe kuɗin jarrabawa. Cibiyoyin EducationUSA, irin waɗanda ke Abuja da Legas, an kafa su ne domin ba da irin wannan shawara, kuma matambayi ba ya ɓata. Duk dillalin da ya ce a ba shi kuɗi ya samo wa mutum tallafi tabbas, a guje shi, domin jami'a ce take zaɓe, ba shi ba.

7.0 Kammalawa

A wannan ɗan nazari an ga cewa kalma ɗaya da muke amfani da ita a Hausa ta ƙunshi abubuwa da dama a Amurka. An ga kuma cewa tallafin ƙwazo ba a jami'o'in da suka fi suna yake ba, yana wurin waɗanda suke neman ɗaga kansu da ɗalibai masu basira. Saboda haka ƙwazo kaɗai bai isa ba, sai an haɗa shi da sanin inda za a kai shi, da kiyaye lokaci, da karanta sharuɗɗa dalla-dalla. Ya rage ga malamai da yayye da suka san wannan hanya su nuna wa ƙannensu tun suna aji biyar na sakandare, domin da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.