DARASIN WANNAN FITOWA: BASHIN SHANU TSAKANIN SEFA DA NAIRA

Yau darasinmu a kan bashi ne, domin duk wanda ya daɗe a kara ya san sana'ar nan tamu ba ta tafiya sai da shi. Muna karɓar shanu a Maraɗi ko Damagaram da alkawarin biya, mu tsallaka da su Maigatari ko Jibiya, mu loda tirela zuwa Ikko, can ma mahauta su karɓa bashi. To amma fa ana bin mu sefa, mu kuma muna bin naira. A nan gizo ke saƙar.

Ga misali. A ce ka ɗauki bijimai 10 a kan jika 400 kowane, wato sefa miliyan 4, ranar da 'yan canji ke sayar da jika ɗaya naira 1,200. Lissafinka naira miliyan 4 da dubu 800. Ka sayar a Kurmi miliyan 5 da rabi, kana murna. Mahauci ya ja ka wata biyu, kafin ya biya jika ta koma naira 1,500. Yanzu sai ka nemi naira miliyan 6 kafin ka sallami mai shanu. Riba ta zama faɗuwar dubu 500, ban da kuɗin mota da la'ada da na takardu. Babu wanda ya sace maka ko sisi, jira ne ya cinye uwar kuɗin.

Mu da muka ga jiya mun shaida. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa dare ɗaya, faran ɗin Faransa da ake saye sefa 50 ya koma 100. Masu bin bashi da sefa suka ji jiki. A watan Yunin 2023 kuma Babban Bankin Nijeriya ya saki naira, sai kukan ya koma gidan masu bin naira. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe iyaka har cikin 2024, bashin mako biyu ya kwana watanni. Sefa kuwa a ɗaure take da yuro tun 1999, sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, shi ya sa ba ta rawa kamar naira.

Saboda haka ga abin da muke jan hankali a kai.

Na farko, a faɗi sunan kuɗin a bakin ciniki. Jika a Nijar sefa 1,000 ce, jaka a bakin dattawan Nijeriya naira 200. Haka kuma sefar Nijar daban, ta Chadi da Kamaru daban. Darajarsu ɗaya a takarda, amma ɗan canji sai ya cire nasa.

Na biyu, a rubuta. Tun muna Islamiyya aka karantar da mu aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, kuma a kan rubuta bashi da ajalinsa da kafa shaidu ta sauka. Dillali mutum ne, yana mantuwa, yana mutuwa. Neman a rubuta ba rashin yarda ba ne, kāre zumunci ne da haƙƙin magada.

Na uku, wanda zai biya bashin sefa da naira, a yi lissafi da farashin ranar biya, a kuma kammala kafin a rabu. Malamai suna kafa hujja da hadisin Abdullahi ɗan Umar, wanda yake sayar da raƙuma da dinari ya karɓi dirhami. Ka ga shi ma abokin sana'armu ne.

Na huɗu, in kuɗi sun shigo, a canza na mai shanu nan take, kada a juya su wani lodin da fatan canji zai sauko. In ta banki aka turo, kada a saki dabba don hoton rasit a waya, sai ka tabbatar kuɗin sun zauna a asusunka.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma mai biya a kan lokaci shi ake sake bai wa. Allah Ya raba mu da nauyin wani, Ya sa albarka a kasuwa, amin. Sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.