Ranar da motar furoje za ta daina zuwa

Wannan shawara ta wanda jama'a suka ɗora wa shugabancin ƙungiya ce a ƙasar Agye, Gazawa ko Gidan Rumji, ko ƙungiyar manoma ce, ko ta mata, ko kwamitin rumbun tsimi, kuma ga wani furoje ya shigo da kuɗi da kayan aiki. Shugaba, tun ranar da ka sa hannu a takarda, tambaya ɗaya ce ya kamata ta riƙa yi maka yawo a rai: in wa'adin masu kuɗin ya cika, motarsu ta daina tayar da ƙura a bakin gari, me zai rage a tsaye?

Ƙasar Maraɗi ta taɓa ganin amsar da idonta. A 1983 Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya da ke aiki da mishan ta SIM, ya fara nuna wa manoma sassaben zamani: a bar kututturen sabara ko kalgo ya tofo, a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a gyara, a sare sauran. Da yunwar 1984 ta zo, sai aka haɗa aikin da rabon abinci, wanda ya bar itace a gonarsa ya samu hatsi. Itatuwa suka tashi ko'ina. Rabo na ƙarewa, aka sare wajen kashi biyu cikin uku. Ban ɗauki wannan butulci ba. Don hatsi mutane suka yi aikin, hatsi kuwa ya ƙare. Ga shi a wancan zamani itacen da ke gonar mutum tamkar na gwamnati ne, ma'aikacin gandun daji na iya cin tararka kan reshen da ka sara a gonar ubanka. Wa zai yi renon abin da ba nasa ba? Ragowar itatuwan, na waɗanda suka ga amfanin abin a tukunyarsu da garkensu, su ne suka zama iri. Daga su aikin ya bazu daga maƙwabci zuwa maƙwabci, har yau ana ƙiyasta ya mamaye hekta miliyan 5 a kudancin Nijar.

Saboda haka ka fara tantance mutanenka. Kira taro ɗaya wanda ba kuɗin zama, ba lemo, ba baƙo daga Maraɗi. Waɗanda suka zo suka zauna har aka shafa fatiha, su ne ƙungiyarka ta gaskiya, ko da ba su wuce goma ba. Kada ka kori sauran, amma kada ka ba su mabuɗi.

Da waɗannan za ka zauna da rani, lokacin da hannu ya sarara, ku bi shekara wata-wata kuna tambayar abin da zai iya ɓata aikin. Za a samu dattijon da zai ce wannan mugun baki ne. Ka ba shi girmansa, ka tuna masa cewa dogaro ga Allah bai taɓa hana manomi gina rumbu ba. Ku faɗi komai da sunansa: ruwa ya makara ko ya ɗauke gero na bununi, murzuna ta shiga zangarniya, samari sun watse ci-rani daidai lokacin da ake bukatar ƙarfinsu, ma'ajiya ta rasu ko aure ya kai ta wani gari da lissafi a kanta. Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin gari. Najeriya ta rufe iyaka a watan Agustan 2019, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, masu ba da tallafi da dama suka dakata, wake da aya suka rasa hanyar fita. A 2019 ɗin dai dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka kwararo ƙasar Gidan Rumji, garuruwan da suka karɓe su suka raba rijiya da rumbu da su. Wanda ya tsara aikinsa kamar irin wannan ba zai sake faruwa ba, ya yaudari jama'arsa. Kowace barazana ku ba ta mai tsaro, mutum guda da sunansa, da alamar da in ya gani zai kira taro ba tare da jiran izinin kowa ba. Misali, in farashin tiya ya kai kaza a kasuwar Cadawa ko ta Tibiri, a zauna a wannan makon.

Inda na fi son mu daɗe shi ne rumbu, don nan ne amana ke mutuwa. Bayan fari da fara na 2004, buhun gero ya kusa jika 30 a tsakiyar daminar 2005, yara suka cika wuraren jinyar tamowa a Maraɗi. Bankunan hatsi da yawa da aka gina don irin wannan rana, da aka buɗe su babu komai. Ba ɓarawon dare ne ya kwashe ba. Bashi ne ya tafi gidan ƙanin shugaba, da surukin maigari, da wani mai faɗa a ji, kowa yana jin nauyin tambaya. Shi ya sa furojen PPILDA, wanda asusun FIDA ya ɗauki nauyi a Agye, ya koma ga rumbunan tsimi da ke hannun mata: a ba da hatsi lokacin da gida ya bushe, don kada maigida ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani, a biya da hatsi in kaka ta yi. Mata a yankin nan sun riga sun saba da tsarin, tun da ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, inda ake zuba kuɗi a gaban kowa, a ƙidaya a gaban kowa.

Ka ɗauki darasinsu. A sa wa ƙofar rumbu kwado uku, mabuɗan a hannun mutum uku daga gidaje daban-daban, kai kuma kada ka riƙe ko ɗaya. Tiyar da aka auna da ita wajen karɓa, ita za a auna da ita wajen bayarwa, kuma a yanke tun farko ko da tozo ake awo ko a shafe. Abin kamar ƙarami ne, amma a buhu mai tiya arba'in, tozon nan kaɗai ya isa ya haddasa gabar da za ta kai jikoki. Ranar buɗe rumbu a tsayar da ita tun da kaka, ciki a ƙoshe, don in yunwa ta matso, mai babbar murya ne zai tsayar. A karanta littafin bashi da ƙarfi, da Hausa, a dandali, a fara da sunan shugaba da na iyalinsa. Na san akwai nauyi. Sai dai in ka jure shi sau ɗaya, ranar da babban mutum ya aiko yaro da buhu, kana da abin faɗa: ranka ya daɗe, mabuɗi ba ya hannuna.

Sai batun wanda ba a gayyata ba. Ɗan Saga, a ƙasar Agye, ta yi suna wajen renon itace har ta kafa kasuwar itacenta, kuma abin da ya riƙe ta shi ne kwamitin sa ido da ya haɗa manoma da mata da makiyaya, dokar tara ɗaya a kan kowa. Makiyayin da aka zauna da shi aka yi doka, shi zai hana ɗan'uwansa sassake gawo. Wanda kuwa ya wayi gari ya tarar an shinge burtali, ba ya da dalilin kiyaye komai. Mutanen Gidan Rumji ba sa bukatar a tuna musu Toda, inda a watan Oktoban 1991 rikicin gona da kiwo ya ci rayuka sama da 100, akasarinsu mata da yara. Duk aikin da ya taɓa ƙasa ko ruwa, lambu ne, rijiya ce, ko dashen itace, kada a kafa turke sai arɗo ya zauna an ji ta bakinsa.

A kuma nemi takarda. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin filaye, waɗanda ake kira COFO, yau kuma akwai su tun daga gari har gunduma. Filin da wani bawan Allah ya ba matan gari kyauta da baki yana kwance ba rigima muddin fako ne. Ranar da aka haƙa rijiya, aka kafa famfo mai aiki da hasken rana, kabeji da albasa suka yi kore, ranar magada ke tunawa da shi. A rubuta kyautar ko aron, da shaidu da iyaka da adadin shekaru, kafin a zuba buhun siminti ko ɗaya.

Ma'aikacin furoje kuma kada ka ɓoye masa labari mara daɗi don gudun kada a janye tallafi. In irin da aka kawo bai karɓi ƙasarku ba, ko injin ya fi ƙarfin aljihunku, faɗa masa tun akwai sauran kuɗin gyara a hannunsu. Ka ja mutum biyu a jiki, ɗaya matashi, su iya littafi su san ofisoshi, don kai ma wa'adinka zai cika. Daga watan farko a riƙa ware wani abu cikin kuɗin niƙa ko na ruwa a asusun gyara, wanda ba a taɓawa don biki ko tarbar baƙi. Kafin motar ta tafi, sakatare ya rubuta sunan kowane ƙarfe da ke saurin lalacewa, da kuɗinsa, da shagon da ake samunsa a Maraɗi, da makanikin da ya yarda zai zo in an kira shi.