Tankin Masai a Jirgin Ruwa: Wari Daga Rashin Iska Yake

Duk mai ƙaramin jirgin ruwa da ya kawo mini kukan wari, tambayata ta farko ita ce: yaushe rabonka da duba bututun iska na tankin? Galibi sai ya yi shiru.

Tankin dai ba kwalliya ba ne, doka ce ta kawo shi. A Amurka ba a zubar da ɗanyen bahaya a teku sai an nisanci gaɓa da fiye da mil 3, a Suwidin kuwa tun 2015 aka hana jiragen shaƙatawa zubarwa a ruwan ƙasar. Dole ƙazanta ta zauna tare da kai har ka iso tashar da ake zuƙe ta.

Ƙwayoyin halitta iri biyu ke cin abin da ke ciki. Masu rayuwa da iska ba sa tayar da ɗoyi. Waɗanda ke bunƙasa inda babu iska su ne masu fitar da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Saboda haka a wajen dasawa, bututun iska ya zama gajere, miƙaƙƙe, mai faɗi. Inci ɗaya ya fi siririn da aka saba sawa. Kada ya lotsa a tsakiya, ruwa zai kwanta a wurin ya toshe shi. Zanzaro ma yakan yi gini a bakinsa, a riƙa leƙawa.

Tankin ya zama na roba mai kauri, domin fitsari yana cin ƙarfe, balle alminiyom. A ɗaure shi tam, kusa da masan. Tiyon fitarwa mai faɗin milimita 38 ne, kuma wanda aka yi don wannan aiki. Mai araha wari ke ratsa jikinsa. In kana zarginsa, naɗa masa tsumma mai ɗumi, ka bari ya huce, ka sunsuna. Hancinka zai yanke hukunci.

Ranar kwashewa, kada ka jira sai ya cika maƙil. Sa safar hannu, buɗe murfin da ke kan dandamalin jirgi a hankali, danna bakin tiyon zuƙa ya zauna daram kafin a kunna injin. Kasa kunne: in ba ka ji iska na shiga ta bututun iskan ba, a kashe nan take, don injin na iya tsotse tankin har ya lanƙwashe ko ya tsage. In ya ƙare, zuba ruwa mai daɗi, a sake zuƙewa, sau biyu.

Masu kora da ruwan teku su sani cewa haɗuwarsa da fitsari na haifar da ɓawo mai tauri a cikin tiyo. Ɗan binega lokaci-lokaci yana rage shi. Bilic kuwa a bar shi a gida, yana kashe ƙwayoyin da ke yi maka aiki.