Kuskuren da Ke Faruwa Tun Jirgi Yana Ƙasa

Idan jirgin sama ya yi hatsari, matuƙi ake fara kallo. Amma kafin matuƙi ya hau kujerarsa, akwai jami'in da ya riga ya zauna a ofis ya zana masa hanya, ya duba hasashen yanayi, ya lissafa man da za a sha, ya zaɓi filin da za a karkata idan na farko ya ƙi. Shi ne jami'in tsara tafiya. A Amurka doka ta ɗora masa alhaki tare da kyaftin: sai duka biyun sun yarda jirgi zai tashi. A Najeriya ma sai da lasisin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA ake yin aikin, kuma Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya tana horar da masu yinsa. Da masu wannan aiki nake magana, musamman sababbin shiga.

Mu fara da mai. Ran 28 ga Nuwamba, 2016, jirgin kamfanin LaMia ya ɗauko 'yan ƙwallon Chapecoense ta Brazil daga Santa Cruz a Bolibiya zuwa Medellín a Kolombiya. A takardar tafiyar, lokacin da za a ɗauka a sama sa'a 4 da minti 22 ne, lokacin da man zai kai shi ma sa'a 4 da minti 22. Babu rarar ko minti ɗaya. Jami'ar filin jirgi da ta karɓi takardar ta nuna wannan, aka matsa har takardar ta wuce. Da suka kusa sauka aka ce su ɗan jira, domin wani jirgi mai matsalar yoyon mai ya riga su. Injuna suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Mutum 71 suka rasu cikin 77.

Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ba ta da wuyar fahimta: man tafiya, da ƙarin kashi biyar cikin ɗari saboda abin da ka iya tasowa, da man zuwa filin karkata, sannan ajiyar ƙarshe ta minti 30 ga jiragen jet, wadda ba a shirya taɓa ta. Idan lissafi bai cika ba, a tsara tsayawa a hanya a ƙara mai, ko a rage kaya. Hanya ta uku babu. Kuma filin karkata ya zama wanda za a iya sauka a cikinsa da gaske. Lokacin hunturu, hazon da ya rufe Kano yana iya rufe Katsina da Kaduna a rana guda, don haka rubuta fili mafi kusa don kawai a cike gurbin takarda yaudarar kai ce. A nemi wanda ke wajen hazon, ko da zai ci mai.

Kuskure na biyu ya fi ɓoyuwa, domin mai yinsa gani yake gyara ya yi. A 1979, shi ma ran 28 ga Nuwamba, jirgin Air New Zealand ya tashi da masu yawon buɗe ido zuwa Antaktika. An yi wa matuƙan bayanin hanya da ke bi ta saman ruwan McMurdo. Sa'o'i kaɗan kafin tashi, sashen tsara hanya ya sauya lambobin wuri guda a kwamfuta, hanyar ta gusa gabas sama da kilomita 40, ta fuskanci dutsen Erebus. Ba wanda ya gaya wa matuƙan. Suka sauko ƙasa-ƙasa suna zaton ruwa ne a ƙarƙashinsu, farin ƙanƙara da farin gajimare suka haɗe suka ɓoye dutsen, mutum 257 suka halaka. Mai shari'a Peter Mahon, wanda ya binciki lamarin, ya ce sauyin da aka yi ba tare da sanar da matuƙa ba shi ne babban musabbabi.

Saboda haka duk abin da ka taɓa a takardar tafiya, komai ƙanƙantarsa, ka faɗa wa kyaftin da baki, ka kuma rubuta. Kada ka ce ai zai gani. Lambobin da ka shigar, wani abokin aiki ya sake karanta su daga tushe, ba daga allonka ba. Ka tabbatar ma'auni ɗaya kuke magana a kai: a 1983 rikita laba da kilo ya sa jirgin Air Canada ya tashi daga Montreal da kusan rabin man da yake bukata, Allah dai ya kiyaye suka sauka a filin Gimli injuna a mace.

Abin da ya fi wuya shi ne cewa a'a. Mu mutane ne masu kara, kyaftin kuma sau da yawa ya girme ka, ga manaja yana ƙirga asarar jinkiri. A jirgin LaMia kyaftin ɗin ma yana cikin masu kamfanin. To, ka yi magana cikin ladabi, amma da alƙaluma: "Ranka ya daɗe, man nan bai kai Abuja ba idan Kano ta rufe." Idan aka nace ka sa hannu a takardar da lissafinta bai cika ba, kada ka sa. Rubuta dalilinka, ka miƙa wa sashen kula da lafiyar zirga-zirga na kamfaninku a ranar.