BAƘO RAƁA NE: DARASI A KAN TAFIYAR BISHARA TA SA KAI

Karatu: Luka 10:1-12, Ayyukan Manzanni 11:27-30, 14:26-28, 2 Korantiyawa 8:1-15

Manufar darasi: Iyalin Kirista su fahimci cewa wanda ya tafi hidima ta ɗan lokaci a ƙasar da talauci ya yi wa katutu, baƙo ne kuma bara, ba mai gida ba.

Gabatarwa

A kan yi sanarwa a majami'a cewa ana neman waɗanda za su ba da kansu na mako biyu ko uku domin aikin bishara a ƙetaren iyaka. Da an tashi sujada, sai saurayi ko budurwa su koma gida da zuciya mai ƙuna, su ce wa iyaye suna so a rubuta sunansu. Daga nan nauyi ya faɗa a kan iyali: kuɗin mota, hatsarin hanya, da aikin da za a bari. Akwai kuma tambayar da ta fi waɗannan duka girma, wadda ba safai ake yin ta ba: shin mutanen da za a je wurinsu za su amfana, ko kuwa matafiyan ne kaɗai za su dawo da daɗin labari?

Masu bi da ke zaune a Ojoo sun san ma'anar baƙunci. Tun 1916 aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a Ibadan, da garin ya faɗaɗa kuma sai zaman 'yan Arewa ya bazu har Ojoo da Sasa, inda manyan motoci ke sauke albasa, tumatir da barkono. Wasu iyalan aikin soja ne ya kawo su barikin Odogbo, wasu kasuwanci, wasu karatu. Hanyar da kayan nan ke biyowa, idan aka bi ta zuwa arewa ta Oyo, Ilori, Jebba da Sakkwato, ita ce ke kai mutum Illela, ya tsallaka Birnin Konni a Jamhuriyar Nijar. Ga mai jin Hausa, babu filin hidima a wata ƙasa da ya fi wannan kusa.

1. Ikkilisiya ce ke aike

A zamanin Kaisar Kalaudiyus, wani annabi mai suna Agabus ya faɗa wa masu bi na Antakiya cewa babbar yunwa tana tafe. Almajiran suka tara gudummawa, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Abin lura shi ne yadda suka aika da ita. Sun zaɓi Barnaba da Shawulu, mutanen da aka riga aka gwada, suka kuma danƙa kyautar a hannun dattawan ikkilisiyar Yahudiya. Manzannin ba su shiga gida-gida suna rabo da kansu ba, domin dattawan ne suka san gwauruwar da ta kwana da yunwa, suka kuma san wanda ke da hatsi a ɓoye. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ikkilisiyoyin ƙasar nan ba baƙi ba ne a wannan aiki. Tun 1948 ikkilisiyoyin da mishan ta SIM ta kafa suka soma ƙungiyar aika masu bishara ta kansu, wadda aka sani yau da EMS, hannun bishara na ECWA. Manoma da matan zumunta ne suka riƙe ta da ɗan baikonsu. Haka Bulus ya shaida game da mutanen Makidoniya, waɗanda suka yi bayarwa a yalwace alhali su kansu suna cikin matsanancin talauci. Saboda haka iyali kada su ce sai mai kuɗi ke tafiya bishara. Amma kada kuma su yarda ɗansu ya bi kowace ƙungiya don kawai ta buga takarda mai kyau. A tambaya: wace ikkilisiya ce ta aike su, wace ce kuma ta gayyace su?

2. Ubangiji ya riga matafiyi isa

Nijar ta daɗe tana cikin ƙasashen da ke can ƙasa a ma'aunin ci gaban ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya. Fari da fara na 2004 sun jawo yunwar 2005, wadda ta yi tsanani a jihar Maraɗi. Bisa ƙidayar 2012, Kirista ba su kai ɗaya cikin ɗari na jama'ar ƙasar ba. Wanda ya ji wannan yana iya zaton zai tarar da fili fetal. Ba haka ba ne.

'Yan mishan na SIM sun sauka Damagaram tun 1924. Asibitin Galmi, garin nan da ya yi suna da albasa, yana aiki tun 1950. A Danja kusa da Maraɗi akwai asibitin masu cutar kuturta tun 1956, an kuma buɗe sashen kula da mata masu yoyon fitsari a wurin a 2012. Akwai ikkilisiyar ƙasa, wato EERN, da fastocinta da dattawanta. A watan Janairu na 2015 an ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai, duk da haka masu bi suka ci gaba da taruwa, shugabanninsu kuma suka yi kira ga gafara. Mutanen da suka jimre irin wannan ba ɗaliban baƙon mako biyu ba ne. Sau da yawa shi ne ya kamata ya zauna ya koya.

3. Dajin da ke ƙarƙashin ƙasa

Wani ɗan mishan daga Ostareliya, Tony Rinaudo, ya iso Maraɗi a farkon shekarun 1980 domin aikin dashen itatuwa. Ya raba dashe masu yawa, amma rana, iska da awaki suka kashe mafi yawansu. Wata rana a 1983, yana tsaye a gefen hanya yana rage iskar tayar motarsa domin ya ratsa rairayi, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro da ya saba ɗauka ciyawar banza ce. Da ya duba ganyen da kyau, ya ga ashe itace ne da aka sare, kututturensa yana da rai, saiwarsa kuma tana can zurfin ƙasa. Gonakin cike suke da irin waɗannan kututture, manoma suna sassabe tohonsu kowace shekara kafin shuka.

Daga nan aiki ya canja. Maimakon kawo dashe daga waje, sai manomi ya zaɓi reshe ɗaya ko kaɗan masu ƙarfi a kan kututture, ya datse sauran, ya tsare su har su girma. Manoman suka kira wannan sassabin zamani. Manomi ya koya wa maƙwabcinsa, har aka ƙiyasta cewa kadada wajen miliyan 5 sun sake samun itatuwa irin su gawo, kalgo da sabara a kudancin Nijar. Abin da aka kawo a mota ya mutu, abin da Allah ya riga ya ajiye a ƙasa shi ne ya rayu. Kuma sai da baƙon ya yi shekaru a wurin kafin idonsa ya buɗe.

4. Halin baƙo nagari

Sa'ad da Yesu ya aiki almajirai saba'in, biyu-biyu, ya hana su ɗaukar jaka, ya umarce su su zauna a gidan da aka karɓe su, su ci abin da aka sa a gabansu. Wato ya mai da su masu bukatar mutanen da za su yi wa wa'azi. Wanda ya ci tuwon mutum ba ya raina shi. Daga wannan, matafiyi zai iya riƙe ka'idodi biyar:

(a) Ya yi aikin da masu gida suka roƙa, ba wanda shi ya ga dama ba. Ma'aikaciyar jinya, malami, magini ko bakanike, kowa ya yi aiki tare da ɗan gari wanda zai ci gaba bayan an tafi.

(b) Kada ya ƙwace wa ɗan gari abincinsa. Idan baƙi suka yi ginin da maginan garin za su iya yi, ko suka zube gwanjon da zai hana tela ciniki, sun yi ɓarna da sunan alheri.

(c) Kyauta ta bi ta hannun dattawa. Kuɗin da aka ba mutum ɗaya a ɓoye yakan bar hassada a ikkilisiya shekara da shekaru.

(d) Kada ya yi alkawarin da ba zai cika ba, kada kuma ya ɗauki hoton yaro mara lafiya ko gidan matalauci ba da izini ba.

(e) Kada ya haɗa taimako da sharaɗin tuba. Ya yi magana da ladabi, yana tuna cewa shi raɓa ne, zai tafi, amma 'yan'uwan da ya tarar su ne za su ci gaba da zama da maƙwabtansu Musulmi.

Hankali ma baiwa ce daga Allah. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 an rufe iyakar Nijeriya da Nijar na watanni, a Janairu 2025 kuma Nijar ta fita daga ECOWAS. Rashin tsaro ya addabi wasu hanyoyin kan iyaka. Saboda haka a nemi shawarar masu masauki game da lokaci, hanya da takardu. Idan suka ce a dakata, a dakata. A lissafta kuɗin tafiyar kuma da gaskiya: wani lokaci abin da mutum goma za su kashe a mota da abinci zai fi amfani idan aka aika mutum biyu, sauran kuɗin ya riƙe mai bishara ɗan ƙasa.

Kammalawa

Da Bulus da Barnaba suka komo Antakiya, sun tara ikkilisiya suka ba da labarin abin da Allah ya yi, ba abin da su suka yi ba. Haka ya kamata matafiyi ya dawo: da rahoto, da lissafin kuɗi, da sunayen waɗanda za a ci gaba da yi wa addu'a.

Gwajin shiri kuwa a gida yake. Kowane rani 'yan ci-rani daga Nijar da Arewa suna sauka a Ojoo da Sasa, suna dako, suna tura ruwa, suna gadi. Saurayin da bai taɓa gaishe da mai kawo wa gidansu ruwa ba, ko ya tambayi sunan garinsu, bai riga ya shirya tsallaka Illela ba.

Tambayoyi domin iyali

1. Me ya sa masu bi na Antakiya suka aika da gudummawarsu ta hannun dattawa?
2. Wace baiwa ce Allah ya riga ya ajiye a cikin matalauta, wadda baƙo zai iya kasa gani?
3. Wane baƙo ne ke zaune kusa da gidan nan, me kuma iyali za su yi masa a wannan mako?

Abin addu'a: A roƙi Ubangiji ya ƙarfafa ikkilisiyarsa a Nijar, ya kiyaye matafiya, ya kuma ba masu tafiya da masu aikawa zuciyar bara.